Ramin Sigari Ɗaya

Motata rami ɗaya gare ta na kunna sigari. Na daina shan sigari tun tuni, amma ban taɓa ganin abin da ya raba kan iyalina kamar ramin nan ba.

Mun baro garinmu Nish da sassafe za mu bakin teku a Girka, ni da mahaifiyata Stana da 'yata Tiyana. Tun da muka rabu da uwarta, hutun bazara ne kawai rabona da yarinyar, shi ma rabon bai wuce kallon ƙeya ba. Iyafis a kunnuwa biyu, 'yar na'urar waƙarta a aljihu, in na yi magana ta zare ɗaya ta ce "Na'am?" kamar ma'aikaciyar banki. Sai na yi dabara. Na sayi mariƙin na'urar, irin wanda ake maƙalawa a gaban mota, da caja a jikinsa, yana kuma tura waƙar cikin rediyo. Na ce in waƙa ta fito fili, dole kunnuwa su buɗe. Har gwaji na yi a gareji ni kaɗai, ina gyaɗa kai irin na uban da ya waye.

Na manta da firjin Mama. Mama ba ta yarda akwai abinci a Girka ba. Ta cika ɗan firjin mota da kaimak, man saman madarar nan mai kauri, da cuku, da tattasai mai cushen nama, da kaza biyu, ta ɗora shi a kujerar baya kusa da ita ta ɗaura masa bel. Kafin in tayar da mota ta miƙo min wayarsa.

"Soka."

"Mama, ramin na Tiyana ne."

"Waƙa tana rubewa ne? Soka, Branimir."

Na soka. Mariƙina ya zauna a gaban mota baki buɗe, kamar ni.

Da rana ta take muka tarar da layin kan iyaka. Motoci har inda ido ya tsaya, duk irin namu, kowace da tabarmar teku a bisa da tsohuwa a baya. Na kai hannu zan kunna na'urar sanyi, Mama ta ce wannan iskar ce ta karkatar wa maƙwabcinmu baki. Na sauke gilashina. Tiyana ta sauke nata.

"Ɗaya dai," in ji Mama. "Iska ta shiga nan ta fita can, ku binne ni a Girka? Ɗaga, 'yar nan."

"Kaka, dahuwa muke yi."

"Ba wanda zafi ya taɓa kashewa a danginmu. Iska kuwa ta ci mutum uku."

Tiyana ta ɗaga gilashin. Can sai na ga ta zare iyafis duka biyun, ta dubi na'urar, ta jefa ta a cinya. Batir ya mutu. Kunnuwan da na yi wata guda ina nema ga su a buɗe, ni kuma na rasa abin zubawa a ciki. Na tambaye ta makaranta. Ta ce tana nan. Na ba ta labarin yadda muka taɓa kwana a layin nan ina saurayi. Ta ce na ba ta bara.

"Baba," ta ce, tana kallon bayan motar gabanmu, "akwai bas a garin Kumanobo mai komawa gida. Mamana ta ce in na gaji in hau, za ta tare ni."

"Kin gaji?"

"Ban ce ba tukuna."

Kumanobo na nan gaba kaɗan da shingen. Na fara addu'ar kada layin ya motsa, ni da na yi awa ina zaginsa.

Na leƙa madubi. Mama ta yi barci, hannunta a kan murfin firji. Ni mutum ne mai furfura da takardar digiri, amma sai da na sake leƙa madubin kafin na zare wayar firjin na soka cajar. Tiyana ta dube ni, ta dubi kakarta, ta zura na'urar cikin mariƙin. Ya riƙe ta daram. Waƙar ta fito a hankali. Wani saurayi ne yake kuka, ana kuma fasa kwanoni a bayansa.

"Ya kake gani?"

"Yana da... ƙarfi."

Ta yi dariya ta hanci, ta sa min wata, ta faɗa min wa ya rabu da wa a cikin mawaƙan. Na ce minti kaɗan zan mayar da firjin. Ban mayar ba.

Shirun firjin ne ya tashi Mama, ba waƙar ba. Ta buɗe murfin, ta tsoma yatsa a kaimak.

"Wa ya zare?"

Na buɗe baki.

"Ni ce, Kaka," in ji Tiyana.

"Ƙarya kike, fuskar ubanki ta riga ta amsa. To, ba za a zubar ba. Yanzu za a cinye."

"Duka?"

"Ka ga alamar wasa a fuskata?"

Ta shimfiɗa tawul a cinya ta fara yanka burodi. Muka ci tattasai mai ɗumi, muka ci kaza, gumi na ɗiga cikin cuku, gilashi ɗaya a buɗe, saurayin nan yana ta kukansa. Da muka gaza sai ta tura ni motocin maƙwabta da faranti. Kowace tsohuwa ta karɓa, ta ɗanɗana, ta ce gishiri ya ɗan yi yawa, sannan ta cika min farantin da nata. Na dawo da abinci fiye da wanda na fita da shi.

Tiyana ta jingina da ƙofa, ta kwance maɓallin wando, cinyar kaza a hannu.

"Baba, ana sayar da wani abu mai baki biyu, a soka firji a soka caja. Ka saya kafin baɗi."

"Baɗi?"

"Kaka ma za ta zo ai, ko?"

"In iska ba ta kashe ni ba," in ji Mama. "Ci, Branimir. Saura kaza ɗaya."

Motar gabanmu ta matsa kaɗan ta sake tsayawa. Na bi ta, na ja birki, na karɓi farantin.