Dattijuwa Ta Haihu

A sashen nazarin taurari na jami'ar akwai wata ƙa'ida da ba a rubuta ta ko'ina ba, amma babu shugaban da ya taɓa gigin taka ta. Duk sa'ad da sabon hoto ya iso daga babban madubin hangen nesa, ba a fara karanta lambobin da na'ura ta fitar. Sai a tara malamai da ɗalibai a ɗakin taro, a ja labule, a haska hoton a bango, sannan wanda ya fi kowa daɗewa a aikin ya miƙe ya faɗi abin da idonsa ya gani. Bayan ya zauna ne ake buɗe lissafi. Haka wanda ya kafa sashen ya yi, haka magajinsa ya yi, haka kuma Farfesa yake yi tun da girman ya faɗo kansa, ko da yake ya yi ritaya, ɗan ofis kawai aka bar masa a ƙarshen baranda.

Idon Farfesa ido ne da ya yi suna. Sai dai a 'yan shekarun nan yanar ido ta fara rufe shi. Likitan ido ya ce aiki ne na ɗan lokaci, a cire abin da ya dushe a sa sabo. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama tun tana koyarwa, ta yi lallashi, ta yi fushi, ta sake komawa lallashi. Farfesa ya ce idon da ya ƙare rayuwarsa yana auna sama ba za a kai shi gaban wuƙa don ƙanƙanen hazo ba. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne tsoro yake ji. Gani yake idan aka taɓa idon, wanda za a mayar masa ba nasa ba ne, kuma duk abin da ya sani zai tafi tare da tsohon.

Hoton da ya iso a wannan karon na wani gungun taurari ne, irin manyan nan da kowanne ya ƙunshi taurari dubun dubata. A takardu lamba ce da shi, amma a sashen Dattijuwa ake ce masa, kuma Farfesa ne ya raɗa sunan tun yana saurayi. Dalilinsa a fili yake. Manyan taurari masu shuɗin haske ba sa daɗewa, da wuri suke cinye kansu. Ƙananan, masu haske ja-ja da rawaya, su ne masu nisan kwana. Saboda haka gungun da haskensa ya koma ja ya tsufa ke nan, ya daina haihuwa. A tsohon madubin da Farfesa ya yi aiki da shi, Dattijuwa ɗan tabo ce kamar shatin yatsa, ja daga tsakiya har gefe.

Wadda ta nemo sabon hoton 'yarsa ce, malama a sashen. A wurin aiki Dakta yake ce mata kamar kowa, a gida kuma Uwata, domin sunan mahaifiyarsa ta ci.

Da safiyar taron aka ja labule, aka kunna majigi. Farfesa ya miƙe, ya gyara zaman tabarau, ya matsa kusa da bango fiye da yadda ya saba. Ya ce Dattijuwa tana nan yadda ya bar ta, jiki sumul, haske kamar na garwashin da ya kwanta, babu alamar an haifi tauraro a cikinta tun fil azal. Ya ce sabon madubi ya ƙara mata girma ne kawai, bai ƙara mata labari ba. Ya zauna.

Wani ya yi tari a baya. Shugaban sashe ya sunkuyar da kai. Bisa ƙa'ida yanzu Dakta za ta buɗe lambobi, sai ta miƙe ta ce lissafin bai kammala ba, tana roƙon a ɗage sauran taron. Farfesa ya san 'yarsa. Tun tana makarantar firamare ba ta taɓa shiga aji da aikin da ba ta gama ba.

Da yamma ta zo gidan da kwamfutarta a jaka. Ta durƙusa ta gaishe shi a falo, inda yake zaune kusa da taga don ya samu haske, ta shiga kicin ta gaida uwarta, ta dawo da tiren shayi. Ta tambayi lafiyar gwiwarsa, ta ba da labarin 'ya'yanta, ta yi ta kewaye-kewaye. Ya bar ta har ta gaji.

"Uwata," ya ce, "me na faɗa da safe da ya sa shugaban sashe ya kama nazarin takalminsa?"

Ta buɗe kwamfutar a kan teburi, ta jawo hoton. Ta bi gefen Dattijuwa da bakin biro, ta ce nan da nan da nan duk shuɗi ne, curi-curi, kamar an watsa mata duwatsun wuya. Ta bayyana masa cewa da alama wani ƙaramin gungu mai ɗauke da iskar gas ya faɗa cikinta, gas ɗin ya matsu, taurari suka ɓarke da haihuwa a lokaci guda. Sababbin ba su da yawa, in an auna nauyi ba su kai komai ba a kan tsofaffin, amma kowane ɗaya yana haske fiye da dubban tsofaffi. Da na'ura ta haɗa hasken duka ta auna, sai ta ba Dattijuwa shekarun budurwa.

Farfesa ya kawo fuskarsa dab da allon. Ya ga ja, ya ga rawaya, ya ga wasu ɗigo-ɗigo masu launin toka da ya ɗauka dattin hoto ne. Ya ce na'urorin zamani sun iya shafa wa abu fenti, kuma a zamaninsu ba a yarda da launin da mutum bai gani da idonsa ba.

Malama, wadda ta shigo da kwanon sukari, ta tambaye shi wane launi ne rigar da ke jikinsa. Ya ce baƙa ce, kuma bai ga abin da ya haɗa riga da taurari ba. Ta ce shuɗiya ce shar, ita ta zaɓi yadin, kuma ta daɗe tana sauya masa hula a asirce don kada ya fita kamar wanda ya yi shiri a duhu. Ta zauna a hannun kujerarsa ta ce ita dai bayanin yarinyar bai yi mata wuya ba, domin duk ranar da aka kawo jikoki, maƙwabta cewa suke an buɗe makarantar renon yara a gidan, alhali tsofaffin nan biyu suna ciki, ba a jin su ne kawai.

"Ke ana jin ki," in ji Farfesa.

Bai yi dariya tare da su ba. Ya san abin da yanar ke yi wa ido, ya karanta tun ba yau ba: tana rina gani ya koma rawaya, kuma shuɗi take fara cinyewa. Abin da bai taɓa yarda ba shi ne hakan ta faru da shi, har ya tsaya gaban ɗalibai ya shaida abin da ba haka ba. Daga nan ya ce wa 'yarsa ta ɗauko masa akwatin katakon da ke saman kantar littattafai.

A cikin akwatin akwai gilasan tace haske na tsohon madubi, kowanne a naɗe cikin ƙyalle. Ya laluba da yatsa ya fitar da ɗaya mai launin zuma, ya miƙa mata, ya ce ta sa a idonta ta dubi hoton, tun da ta ga nata, sai ta ga nasa.

Ta kara gilashin a ido. Ta daɗe tana dubawa fiye da yadda ya zata, har ta jawo kujera ta matsa. Ta ce shuɗin ya kwanta, kuma da ya kwanta sai ga jikin Dattijuwa ya fito, wani jan haske mai laushi da ya miƙe ya wuce curin sababbin taurarin da nisa. Ta ce ita a bakin shuɗin ta tsayar da awonta, ta ɗauka nan ne iyaka. Ta san sarai sababbi kan danne hasken tsofaffi, tana ma koyar da haka a aji, amma murnar ganin haihuwar ta sa ta gaggawa. Dole ta sake auna girma da nauyi da jan haske kaɗai.

Nan take Farfesa ya gyara zama. Ya ce to, an zo wurin. Ashe idon da ake ta ƙorafi a kansa kayan aiki ne, yana tace abin da ke ruɗar matasa, kuma bai taɓa jin sashen da ya zubar da kayan aiki mai kyau don ya tsufa ba. Malama ta ce lallai kayan aiki ne, shi ne ya zuba shayi a gefen kofi shekaranjiya, shi ne kuma ya yi wa inuwar labule sallama.

Dakta ta sauke gilashin, ta naɗe shi a ƙyallensa a hankali.

"Baba, ni in na ga dama sai in cire wannan in ajiye. Kai ba za ka iya ba." Ta dafa hannunsa. "Kai ka raɗa mata suna. Ta haihu, kowa ya ga 'ya'yan, sai kai."

Farfesa ya juya fuska wajen taga. Ya yi ta neman hujja a ransa bai samu ba, sai ya koma neman hanyar da zai bi ba tare da an ce an kayar da shi ba. Can ya yi gyaran murya, ya ce lokacin da sashen zai bar faifan gilashi na ɗaukar hoto ya koma kyamarar lantarki, magabata ba su yar da tsohon a rana ɗaya ba. Sun ajiye su gefe da gefe, suna duban abu guda da kowanne, har suka tabbatar da abin da sabon ya ƙara da abin da ya rage. Shi ma haka za a yi masa. A gyara ido ɗaya, a bar masa ɗayan ya gwada.

Malama ta ce ai abin da likita ya faɗa ke nan tun ranar farko, ɗaya bayan ɗaya ake yi. Farfesa ya ce to likitan ya samu tarbiyya, ya bi abin da aka gada.

Aka yi aikin a idon dama. Ya shiga yana ba ma'aikatan jinya tarihin madubin hangen nesa don kada a gane tsoro yake ji, ya fito da bandeji yana cewa dama shi bai ɗauki abin da zafi ba. Da idon ya washe, likita ya ba shi izinin duban allo, Dakta ta zo da hantsi ta ajiye kwamfutar a teburin falo.

Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya ga Dattijuwar da ya sani, ja, shimfiɗe, a natse. Ya sauya hannu. Shuɗin ya taso masa a gefenta gaba ɗaya, curi bayan curi, wasu a jere kamar an ɗinka su, wasu a warwatse. Ya sake sauyawa, ya kuma sauyawa. Shayinsa ya huce a gefe, Malama ta ɗauke ta kawo wani, shi ma ya huce.

"Ashe haka take," ya ce a hankali. "Duk shekarun nan."

Ya ciro hankici ya goge idon hagu, ya ce wanda ba a gyara ba ne yake ruwa. Sannan ya ɗauki biro ya nuna wani ɗigo mai ƙyalli a ƙasan hoton, ya ce wannan ba ɗanta ba ne, tauraron unguwarmu ne, na gungun da muke ciki, ya tsaya a hanya, a cire shi daga lissafi. Dakta ta ce to, Baba, ta rubuta. Daga yadda ta yi saurin amsawa ya gane ta riga ta cire shi tun tuni, ya kuma bar zancen a haka.

Malama ta tambaya ko ta kira asibiti a sa ranar ɗayan idon. Farfesa ya ce ta kira, amma ta gaya musu sai Dakta ta gama awon jan haske, domin har zuwa lokacin idon hagu yana bakin aiki. Ya ce wa 'yarsa ta ƙara girman hoton ta wajen gabas, ya sake ɗora tafinsa a ido.