Wayar Kuloci a Ƙafar Gada

Ina tsugune gaban wani babur da ya ƙi tashi tun safe, hannuna dumu-dumu da baƙin mai, sai ga matar Yaya ta faɗo rumfar, takalmin ƙafarta wari ɗaya nata, ɗayan na wani.

"An kama yayanka," in ji ta. "Masu tsaron daji. Wai shi ke ɗana tarko."

Dariya na fara yi, don maganar ba ta da kai. Yayan nawa maharbi ne mai lasisi, shekara talatin da ɗaya yana sabunta takardar nan ba fashi. Mutum ne da in ya ga gada da ciki zai sauke bindiga ya dawo gida hannu rabbana, matarsa ta yi ta mita. Kuma lokacin an rufe farauta, watannin da namun daji ke haihuwa. Su 'yan ƙungiyar maharba a irin wannan lokaci bindigoginsu na rataye, buhu suke ɗauka su shiga daji rukuni-rukuni suna kwance tarkon waya da ɓarayin nama ke ɗanawa. Shi ne za a ce ɓarawo? Da na ga ba ta yi dariya ba, na goge hannu a wando na tayar da nawa babur ɗin.

Ofishin masu tsaron ɗaki biyu ne da baranda a bakin gandun daji. A barandar maharba sun kai goma a kan benci, kowa ya haɗe rai, shugabansu da ake kira Tsoho yana tsakiya ya dafa sanda. Ban gaishe su ba. Na kutsa ciki.

Yaya na zaune a ƙasa, an cire masa takalmi da hula. Wannan ne ya fara tafasa min zuciya. Mutum mai furfura, a zaunar da shi kan siminti kamar wanda ya saci akuya. A gefensa ga gawar gada a yanke, ga wuƙarsa, ga buhu. A kan teburi kuma ga lasisinsa cikin 'yar ledar da yake sa shi, jami'in ya danne da kofin shayi.

"Yallaɓai," na ce, "ku dai ba ku da aiki. Ɓarayi na can suna kyafe nama buhu-buhu, ba ku gan su ba, sai wanda ke yi muku aikinku kyauta."

Jami'in bai ko ɗaga murya ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

"Kai wane ne?"

"Ƙaninsa."

"To ƙaninsa, yarana sun same shi shi kaɗai a cikin gandu, lokacin da aka rufe farauta, da nama a yanke da jini a wuƙa da buhun tarko. In kai ne ni, me za ka rubuta?"

Na juya ga Yaya. "Ka yi magana mana."

"Na faɗa," in ji shi, idonsa a ƙasa. "Na same ta a zarge. Ta kwana uku ko fi, waya ta ci ƙafar har ƙashi, ƙudaje sun yi gida a ciki. Tana kallona. Ba zan wuce in bar ta haka ba, na yanka ta."

Na san gaskiya ne. Duk maharbin da ke barandar nan abin da zai yi ke nan, ko da ya san kurkuku na jiransa a bayan itace. Amma jami'in ya ce gaskiya ba ta isa ba sai da shaida. In ba a kawo wanda ya ɗana tarkon ba, lasisi ya tafi, bindiga ta tafi, sauran magana sai gaban alƙali.

Tsoho ya shigo yana jan ƙafa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Abin da na kasa ganewa," in ji shi, "me ya kai ka kai kaɗai? Mun ce huɗu-huɗu, kuma a rubuta suna a nan ofis kafin a shiga. Don gudun irin wannan rana muka ce haka."

Yaya ya ƙara sunkuyar da kai. Na ji kamar in girgiza shi.

Jami'in ya sa aka zazzage buhun a kan teburi don a ƙirga. Wayoyi suka zubo, an lanƙwasa kowace an yi mata zarge, wasu da tsatsa, wasu da gashin dabba a manne. Ɗaya ta faɗo kusa da ƙafata, na duƙa na ɗauka, na ƙura mata ido.

Wayar kulocin babur ce. Wannan ba abin mamaki ba ne, da ita ake yin irin tarkon nan don ba ta tsinkewa. Abin da ya tsayar da ni kanta ne. Ni in kan waya ya gutsure, kuma mai babur ba shi da halin sabuwa, ba na jefarwa. Ɗan ƙaramin noti nake zura mata, in bubbuge shi da guduma har ya kwanta, ta ƙara wata biyu ko uku tana aiki. A duk masu gyaran garin ni kaɗai ke wannan wahalar, har tsiya suke min a kai. Na ɗauki ta biyu. Noti. Ta uku, noti. Aikin hannuna ne a kan teburin nan gaba ɗaya.

Kuma na san inda suka bi. Mutum ɗaya ke zuwa rumfata yana kwashe matattun wayoyi, mijin ƙanwarmu Auta, wanda muke kira Mai Kaji. Ya ce akurki yake ɗaurewa da su. Wata bakwai yana zuwa da murmushinsa da "sannu da aiki, yayanmu", ni kuma sakarai har tara masa nake yi a gwangwani. Ban taɓa tambayar kaina wane irin akurki ne wannan da ba ya ƙarewa ba.

Na ɗago, muka haɗa ido da Yaya. Ya girgiza min kai kaɗan, yadda yake min tun muna yara in zan yi ɓaram-ɓarama a gaban baƙi. Nan na gane ya sani. Ya sha zama a rumfata yana kallona ina buga notin nan.

Wallahi ban taɓa jin fushi irin na ranar ba. Wato Mai Kaji na gida ya miƙe ƙafa, Auta na zuba masa ruwan wanka, shi kuwa wannan bawan Allah yana zaune a siminti ba hula, zai ba da shekara talatin da ɗaya don a rufa wa ɓarawo asiri.

"Yallaɓai, wayoyin nan daga rumfata suka fito."

"Kai," in ji Yaya. "Rufe bakinka."

"Ba zan rufe ba. Yau kam ba zan rufe ba."

Na nuna wa jami'in notin, na faɗi yadda nake bugawa, na faɗi wanda ke kwashewa da inda gidansa yake. Na ce a je bayan akurkin a duba, in ba a sami wurin kyafa nama ba a ɗaure ni. Jami'in na rubutu, bakina na gudu kamar babur ba birki. Da na tsaya a nan da an wuce wurin. Amma ni in na hau ba na sauka.

"Kuma kuna tambayar me ya kai shi shi kaɗai," na ce, na juya ga Tsoho. "Ga amsa. Ya gane wayoyin ne tun tuni. Shi ya sa yake riga ku shiga, yana kwance su kafin ku gani, don kada 'ya'yan ƙanwarsa su tashi ubansu na kurkuku. Wannan ne ɓarawon naku?"

Ni a zatona na gama wanke shi tas.

Jami'in ya aika yaransa biyu da mota. Ba a yi awa ɗaya ba suka yi waya: sun sami naman a kyafe a bayan akurki, da gwangwanina cike da waya, sun kuma kama mutumin yana ƙoƙarin haura katanga. Jami'in ya ɗaga kofin shayinsa, ya tura ledar lasisin zuwa bakin teburi.

"Baba, saka takalminka. Gadar za mu rubuta yadda ka faɗa. Amma kada ka ƙara shiga ba rajista."

Na miƙa hannu zan ɗauko wa Yaya takardarsa, sai sandar Tsoho ta sauka a kan teburin, a hankali.

"Tun yaushe ka sani?" Da Yaya yake.

"Sati bakwai."

"A sati bakwai ɗin, tarko nawa ka kwance?"

"Ban ƙirga ba."

"Nawa ne ba ka gani ba?"

Tsoho ya nuna gadar da ke kwance da bakin sandarsa.

"Wannan nononta a cike yake. Ɗanta na can wani wuri, in bai riga ya mutu ba. Da ka faɗa mana ranar farko, da tana yawo."

"Haba Baba," na ce. "Yallaɓai da kansa ya sake shi, kai kuma mene ne naka?"

"Ba da kai nake ba, mai gyara. Yallaɓai, ofishinku ba ya sabunta wa kowa takarda sai da sa hannun ƙungiya, ko ba haka ba? To mun janye hannunmu. Dokarmu ce: wanda ya san mai tarko ya ɓoye, shi da mai tarkon ɗaya suke."

Na fita baranda kamar mahaukaci. Na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan, Yaya ne ya koya masa harbi; wancan, Yaya ne ya goyo shi daga daji ranar da maciji ya sare shi. Na ce munafukai ne, na ce in su ne aka taɓa musu suruki da sun yi fiye da haka. Na faɗi maganganun da har yau ba na son tunawa. Ɗaya daga cikinsu, ƙato guda, hawaye yake sharewa da hula, amma da Tsoho ya leƙo ya ce wa ya yarda da hukuncin, hannunsa na cikin waɗanda suka ɗagu. Duka goman suka ɗaga.

Yaya ya fito yana ɗaura igiyar takalmi. Na tare shi.

"Ka ce wani abu. Ka roƙe su. Wace irin banzar doka ce wannan?"

"Ni na kawo ta," in ji shi. "Shekara goma sha biyu da suka wuce. Lokacin wasu ba su so ba, na dage."

Ya sa hula, ya gyara mata zama, ya wuce ni zuwa wurin Tsoho. Na ɗauka roƙon zai yi. Na matsa don in ji.

"Baba, bindigar tana gida. In za ku aiko a karɓa, a bari sai jibi da hantsi, yara sun tafi makaranta. Gobe ina so in wanke ta in shafa mata mai."