Bangon da Ya Ƙi Haɗuwa

Ranar Litinin Yaya ya kira daga garin da yake aiki, ya ce magini zai kafa turakun gini a filinsa ranar Asabar, ko da zanenta ko babu.

"Na ba ki zuwa Juma'a, Auta. In ba ki gama ba, ga zanen abokina a hannu. Ɗaki uku da falo, kowa irinsa yake yi."

"Ai shi ya sa ba na son sa."

"To, Injiniya. Juma'a dai."

Ta san da wace murya ya ce Injiniya. Da ita ake ce mata haka a ofis ma, inda ta shekara uku tana zana banɗaki da matattakala a gidajen da wasu ke sa hannu. Ta saba. In an faɗa sai ta amsa da ƙarfi, kamar sunan yanka.

Gidan da take son zanawa ba sabo ba ne. Gidan da aka haife su ne, wanda Baba, tela mai keke ɗaya, ya gina ɗaki bayan ɗaki. Wata huɗu bayan rasuwarsa aka zo faɗaɗa titi, aka rushe layinsu gaba ɗaya. Shekara shida ke nan ita da Mama suna hawa na biyu a gidan haya, ɗaki biyu da baranda mai kallon bayan wani shago. Har yau Mama ba ta taɓa kiran wurin gida ba. Sai dai ta ce, "Mu koma sama." Da Yaya ya samu fili ya ce zai gina mata, abu ɗaya ta roƙa, shi ma sau ɗaya, tana kallon ƙasa: in zai yiwu, a yi shi kamar na da.

Ba hoto, ba takarda. Abin da ya rage shi ne ƙafar Mama. Ta san gidan da taku: falo taku tara a tsaye, bakwai a kwance, daga ƙofar kicin zuwa ɗakin ɗinkin Baba taku goma sha ɗaya. Auta ta shimfiɗa tef ɗin awo a baranda, ta sa Mama ta yi ta zuwa tana dawowa har gwiwarta ta fara ƙorafi.

"Yi tafiyarki ta da, Mama, ba ta yanzu ba."

"Kawo mini gwiwar da, sai in yi miki."

A haka dai ta fitar da tsawon taku ɗaya, ta mayar da kowane ɗaki mita.

A ofis, in an tashi cin abincin rana, sai ta buɗe manhajar zanen gida a kwamfutarta. Manhajar ba ta da wuya ga wanda ya san ta: ka ja bango, ka rubuta tsawonsa, ka dasa ƙofa da taga. In bangayen ɗaki sun haɗu ta ko'ina, sai ta shimfiɗa masa daɓe da kanta, ta ɗora rufi, ta tayar maka da gidan tsaye har ka zaga cikinsa kamar kana tafiya. Falo ya rufu. Ɗakin Mama ya rufu, kicin ma haka. Da ta zo ɗakin ɗinki, na can ƙarshen gida, sai bangon baya da na gefe suka ƙi gamuwa. Tsakaninsu giɓi ya fi rabin mita, manhajar ta zagaye shi da ja, ta rubuto mata cewa ɗakin bai rufu ba. Tunda ɗaki ɗaya bai rufu ba, rufin gidan duka ya ƙi hawa.

Ta goge ta sake ja. Ta duba ko ta haɗa ƙafa da mita wajen rubuta awo. Ba ta haɗa ba. Ta kashe kwamfutar ta kunna. Ranar Talata ta sauko da sabon zubin manhajar, ta zauna tana kallon sandar nan ta kan allo tana cika a hankali har lokacin hutu ya ƙare. Jar da'irar tana nan inda take.

Dogo, wanda teburinsa ke bayan nata kuma ya riga ta zuwa ofis da shekara goma, ya leƙo ta kafaɗarta yana tauna.

"Injiniya, gidan wa ke zubar da jini haka?"

"Na wanda bai tambaye ka ba."

"Awonki ne ba daidai ba. Wa ya auna miki?"

Ta ce, "Mahaifiyata. Da taku."

Dogo ya yi dariya har ya ƙware. "Shekara biyar a jami'a, kin dawo awo da ƙafar tsohuwa! Ja bangon nan ki manna shi da ɗan'uwansa. Rabin mita ne fa. Wa zai sani?"

Ta mayar da idonta kan allo. Amma da ya tafi, ta yi abin da ya ce. Ta ja bangon, jan ya ɓace, rufi ya hau. Ta buga zanen a takarda ta kai wa Mama da yamma.

Mama ba ta iya karanta zane ba, amma ta sa yatsa ta bi shi kamar mai bin layin ɗinki. Ta shiga falo, ta ratsa tsakar gida, ta tsaya a ƙofar kicin. Yatsan ya daɗe a wurin.

"Daga nan ina ganin bayansa."

"Bayan wa?"

"Babanku mana. In ina wanke-wanke, in na ɗaga kai, ina hango bayansa a kan keke ta ƙofar ɗakin. Nan kuwa bango kika sa mini." Ta tura takardar gefe a hankali. "Ya yi kyau, Auta. Allah ya yi miki albarka. Ki bar Yayanki ya yi nasa kawai, kada ki wahalar da kanki."

Da Mama ta zage ta, da ya fi mata sauƙi. Ta fita baranda ta tsaya tana kallon rufin shagon nan mai tsatsa. Ta tuna ƙarar keken, yadda take tsayawa in Baba zai gyara zare, gidan ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ta ci gaba. Ta tuna sanyin ledar ɗakin a cinyarta lokacin da take kwanciya tana tsintar ƙyallaye, koriyar leda mai zanen murabba'i...

Ta juyo da sauri. "Mama, ina ledar ɗakin ɗinki?"

"Wace leda? Oho. Tana sito a gidan Gwaggonki, in ɓeraye sun bar ta."

Ranar Laraba ta nemi izinin rabin yini. Oga ya ce aikin matattakalar fa? Ta ce matattakala ba za ta gudu ba. Ya bi ta da kallo, ta fice.

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta buɗe siton tana mita. "Shekara shida ba wanda ya tambayi tarkacen nan, yau kuma 'yar boko ta zo neman tsohuwar leda. Ko a ofis ɗin naku ba a ba ku kujera ne?"

Suka jawo ta tare, nannaɗe, ɗaure da tsumman yadi irin ɗaurin Baba. A tsakar gida suka warware ta. Ta bushe, ta tsage a wurare biyu, ga ramuka huɗu inda ƙafafun keken suka zauna shekara da shekaru. Auta ta durƙusa da tef. Ba ta ma kai ga aunawa ba ta gani. Gefe uku a miƙe suke, suna bin layin zanen ledar. Na huɗun kuwa ya yanke murabba'an a karkace, daga cikakke a wannan kusurwa zuwa siriri a waccan. Baba ya yanka ledar daidai da ɗakin, kamar yadda yake yanka riga daidai da mai ita.

"Gwaggo, bangon baya a karkace yake?"

"Au, ba ki sani ba? Filin ne ya zo a haka, ta bayan ya tsuke. Magini ya ce a bar ɓangaren a miƙar da bango, ubanki ya ce shi bai taɓa zubar da yadi don ya zo a karkace ba. Tela ne fa. Yadda filin ya zo haka ya yanka gidan. Ya sa durowar kaya a kusurwar, shi ya sa ba mai lura."

Awon Mama daidai yake, ko taku ɗaya ba ta ɓata ba. Auta ta zauna a kan ledar, ta ɗora tafin hannunta a ɗaya daga ramukan nan. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi wata tsokanar, ta fasa, ta shiga ciki ta bar ta.

Washegari ta ja bangon a karkace, manhajar ta fizge shi ta miƙar. Ta sake ja, ta sake miƙarwa. Sai a lokacin ta gane abin da ke faruwa tun Litinin: akwai saitin da ke tilasta wa kowane bango ya tsaya a kan kusurwa madaidaiciya, kuma a kunne yake zuwa. Shekara uku tana aiki da manhajar, ba ta taɓa neman inda ake kashe shi ba, don ba wanda ya taɓa kawo musu gida irin na Baba. Ta tona cikin saituna har ta same shi, wani ɗan akwati mai alama a ciki. Ta cire alamar. Ta rubuta awon ledar, gefe bayan gefe. Bangon ya kwanta a karkacensa, ya taɓa ɗan'uwansa. Jan ya ɓace, daɓe ya shimfiɗu, ƙofar ɗakin ta koma inda take a da.

"Kin lalata shi," in ji Dogo daga baya. "Bangonki ya bugu."

"Haka mai shi ya gina shi."

Ta tayar da gidan tsaye, ta ɗauki zagayen a waya. A jerin kayan ɗakin manhajar akwai kujeru kala-kala, da firji, har da tebur na wasan ƙwallo, amma babu keken ɗinki. Sai ta sa ƙaramin tebur a wurin.

Mama ta riƙe wayar da hannu biyu. Hoton ya shiga falo, ya fito tsakar gida, ya juya a ƙofar kicin.

"Tsaya nan."

Auta ta tsayar. Ta cikin ƙofar can, ga gefen teburin, ga hasken taga a kansa. Mama ta kalla har allon ya yi duhu, ta miƙo a sake kunna mata. Sau uku. Ba ta ce ya yi kyau ba wannan karon. Cewa ta yi, "Fentin ya fi wannan duhu," ta goge ido da bakin mayafi.

Yaya kuwa, da ya ga zanen ranar Juma'a, kira ya yi nan take.

"Filina a miƙe yake ta ko'ina, ke kuma ki karkata mini bango da gangan? Mutane su ce mun ɗauki maginin banza?"

"Su ce."

"Auta, ba a gina gida da kewa."

"Ka zo gobe ka faɗa wa Mama da bakinka. Ni ba zan kai saƙon ba."

Asabar da safe suka haɗu a filin. Yaya ya zo da zanen abokinsa a nannaɗe a hammata. Maginin dattijo ne mai furfura a gira; ya juya takardar Auta sama da ƙasa, ya ce, "'Yata, shekara talatin ina miƙar da bango, yau ke za ki koya mini karkatawa?"

"Baba, ka kafa nawa tukuna a gani. In bai yi ba, turaku ne, a cire."

Ya dubi Yaya. Yaya ya ɗaga kafaɗa. Auta ta cire takalmi mai tsini ta ajiye, ta kama bakin tef da kanta, tana kiran awo magini na buga turke yana jan igiya. Rana ta ɗaga kafin su gama. Da suka zo kusurwar baya ya kafa turken inda hannunsa ya saba, ta tsuguna ta cire shi ta matsar.

Gidan ya kwanta a ƙasa, farar igiya iya gwiwa. Mama ta taso daga inuwar motar Yaya. Ta bi gefen igiyar har inda aka bar giɓin ƙofar gaba, ta yi sallama a hankali, ta shiga. Tana tafiya tana kauce wa abubuwan da ba wanda ke gani sai ita.

Yaya ya ɗaga ƙafa ya tsallaka igiyar zai same ta.

"Kai!" in ji Mama, ba ta ko juyo sosai ba. "Ta bango kake shigo mini? Girma ya zo, hali bai canza ba. Fita ka zagayo ta ƙofa."

Magini ya tuntsire da dariya. Yaya ya tsaya da ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, mutum mai 'ya'ya uku. Ya dubi Mama, ya dubi Auta da ke tsaye ba takalmi, tef a hannu, ta ƙi kawar da ido. Ya janye ƙafarsa. Ya zagaya ta ƙofa.

Da ya fito, ya wuce wajen mota ya jefa zanen abokinsa a kujerar baya.

"Baba," ya ce da magini, "a fara haƙa ranar Litinin. Yadda igiyar take."

"Har da karkatar?"

"Tambayi Injiniya. Ita ke da aikin."