Kabari a Gonar Gero

Ruwa ya sake tsattsafowa tun ramin bai kai gwiwa ba. Muttaka mai ginan kabari ya jefar da shebur, ya damƙo laka ya matse, ruwa ya biyo ta tsakanin yatsunsa.

"Baba Shu'ibu, ko'ina haka take. Maƙabartar nan ta sha. In muka sa shi nan, a ruwa muka sa shi."

Shu'ibu ya leƙa ramin. Can gida Mala, maƙwabcinsa, yana kwance cikin likkafani tun hantsi. Katanga ɗaya ce tsakaninsu tun suna angwaye. Mutumin kirki ne Mala, sai dai taurin kai, Allah ya jiƙansa. Da kogin Haɗeja ya cika ya fara cin jinga, babu yadda ba a yi da shi ba ya bar wa samari, ya ƙi. Ya yini cikin ruwa har ƙugu yana jera buhunan ƙasa. Jingar ta ɓalle duk da haka, shinkafar fadama ta tafi, tasa da ta Shu'ibu da ta kowa. Zazzaɓi ya kayar da shi, yau da asuba ya cika.

Ƙauyen gaba ɗaya a kan laka yake, ƙasar da in ta riƙe ruwa ba ta saki. Wuri ɗaya ne busasshe, jigawar arewacin gari mai rairayi, kuma gonar Shu'ibu ce. Geronta ya fitar da kai bai nuna ba, shi kaɗai ya rage masa bana. Ba wanda ya ambace ta. Kowa dai ya sunkuyar da kai, wannan kuwa ya fi masa ciwo a kan a roƙe shi.

Ya koma gida. Matarsa 'Yar'azumi ta dube shi sau ɗaya ta gane.

"Malam, ba kabari ɗaya ba ne fa. Yau Mala, gobe wani, kuma ba ka da bakin hanawa. Gonar da aka sa mutum ta tashi daga gona."

"Na sani."

"To me za mu ci?"

Ya san gaskiya ta faɗa. Sai ga muryar Yagana, matar mamacin, ta bayan katanga, a dishe saboda kuka.

"Har yanzu ba a samu wuri ba? Ya fa daɗe a kwance."

'Yar'azumi ta dubi katangar. Can ta shiga ɗaki ta fito da adda, ta miƙa masa, hawaye na zuba.

"A kawo min karan, ko awaki sa ci."

Da hannunsa ya sare geron, ɗanye sharaf. Ramin ya tafi har ƙasa babu ko danshi. Sai dai rairayi ba ya kama itace, dole aka turo laka a baro daga tsohuwar maƙabarta aka liƙe. Aka yi addu'a, mutane suka riƙa kama hannunsa suna "Allah ya saka", ba mai iya haɗa ido da shi.

Muttaka ya rage murya. "Baba, tsohuwar gidan liman ma jikin ya yi tsanani."

"Akwai wuri," in ji Shu'ibu.

Da aka watse ya tsaya shi kaɗai, kewar Mala ta kama shi. Tsuntsaye suka sauko kan sauran geron. Ya ɗaga hannu zai kore su, sai ya sauke shi a hankali.