Kilo Tara

Sau uku Injiniya ta ɗora silindar a kan sikeli, sau uku sikelin ya ba ta amsa ɗaya: nauyin ƙarfe ne kawai, sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A jikin silindar kuwa ga rubutun mahaifinta nan da farin fenti, ɓaro-ɓaro: kilo tara.

Mahaifin yana zaune a kujera a ɗakin gwajinta, ya sha sabuwar riga, mahaifiyarta a gefensa rungume da jaka. Shekara talatin yana gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Abokan sana'arsa in za su yi gyara sai su sassauta bututu, tsohon gas ya bi iska, a wuce wurin. Shi kuwa tun ranar da 'yarsa ta gaya masa gas ɗin nan yana ƙara wa duniya zafi, ya koma zuƙe shi yana ɗurawa a silinda. Matsalar ita ce gauraye yake, iri biyu ne da suka manne wa juna, kuma in ya tsufa ba ya sake moruwa sai an raba su. Haka ya tara silinda goma sha ɗaya a ɗakin ajiyar gidansa, ɗaure da sarƙa a jikin bango. 'Yan layinsu suka laƙaba masa Ma'ajin Iska, ya shekara takwas yana shan tsiya.

Yau ce ranar da zai rama. Injiniya ta kammala na'urarta, doguwar kwalba cike da wani irin gishiri mai zama ruwa-ruwa kamar mai, alhali ba ɗigon ruwa a cikinsa. In gas ya ratsa ta ciki, gishirin yakan shanye iri ɗaya ya ƙyale ɗayan ya fita ta sama. Tsohon ya riga ya cika baki a layi cewa da yamma zai dawo da gas iri biyu tsarkakakku, kowa ya zo ya gani da idonsa.

Ta auna ta biyu, ta auna ta uku. Haka ta bi su har ta goma sha ɗaya. Duka wofi ne.

Tsohon ya miƙe, ya ɗaga guda da hannu ɗaya, ya tsaya sororo. Masu ɗaukar kaya ne suka loda su a mota, shi kuma rabonsa da ɗaga su tun da ya ɗaure su. Ya ce ai duk mako yana ɗaura agogon awo, allura ba ta taɓa sauka ba. Bai gama rufe baki ba ya tuna abin da shi da kansa yake koya wa mutane, cewa muddin da sauran cokali ɗaya na ruwan gas a ƙasa, allura ba za ta motsa ba. Sai ya ɗora laifin a kan bakin silindar, ya ce yoyo ne. Injiniya ta shafa kumfar sabulu a kan kowanne. Ko ƙwayar kumfa ɗaya ba ta tashi ba. Hannu ne ya buɗe, hannu ya rufe.

"Ni ce," in ji mahaifiyar.

Suka juyo suna kallonta kamar ba su taɓa ganinta ba. Matar da ko murfin tukunyar gas ɗin girki sai an murɗa mata.

Ta ce bangon nan ɗaya ne tsakanin silindojin da gadon da jikoki ke barci in sun zo. Ta ji an ce irin gas ɗin yana kama wuta. Ta yi masa magana sau biyu, ya ce mata sha'anin sana'a ne. To, duk ranar da ya fita shago sai ta ɗauki filaya ta sassauta guda, kaɗan-kaɗan, ta mayar ta ɗaure. Shekara biyar ke nan.

Takaici ya kama Injiniya. Aikin shekara takwas ya bi iska, ga 'yan layi can suna jira. Ta dubi mahaifinta, tana jiran faɗan da duk gidan ya san shi da shi. Sai ya juya ga matarsa.

"Kina buɗe taga dai?" ya tambaya a hankali.

"Ina fa. Ƙara yake yi. Rufe ƙofa nake, in toshe ƙasanta da tsumma, kada maƙwabta su ji su gaya maka."

Injiniya ta san haɗarin haka. Gas ɗin ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya ya kore numfashi, kuma ba ya wari balle mutum ya farga.

"Jirin nan da muka kai ki asibiti sau biyu," in ji shi. "Da aka tsince ki a tsakar gida."

Mahaifiyar ta sunkuyar da kai, ta ce ita ma ta yi zargin haka, shi ya sa daga baya take zama kusa da ƙofa.

Silindar tana hannunsa har yanzu. Ya ajiye ta a ƙasa, ya laluba kujera ya zauna. Injiniya ta ce abin da ya rage a ƙasan silindojin zai iya cika ƙaramar kwalba ɗaya, ko ta kunna na'urar ya gani?

Bai ko dubi na'urar ba. Ƙirjin matarsa yake kallo, yana hawa yana sauka.