Kifin Tafki Na Huɗu

Laifin nasa ne, shi mai gadin tafkuna. Watanni bakwai da suka wuce ya manta bai mayar da ragar da ke raba karfasar kogi da ta gona ba, suka gauraya, suka cika tafki na huɗu da 'ya'ya ruwa-biyu, masu jikin uwa da jelar uba. Manaja ya ce kafin la'asar a janye ruwan a binne su, kada su ɓata masa iri.

Matar mai gadin, wadda ke aiki a ɗakin gwaji na gonar, ta roƙi awa uku kacal.

Mijin ya tsaya bakin ƙofa da bokitin kifi yana kallonta. Takan ɗaga murfin kunnen kifi, ta yanko jan naman da yake numfashi da shi, ta shimfiɗa a gilashi ƙarƙashin madubin ƙara girma. Duk tsutsa mai shan jini da ta gani, sai ta jefa tsakuwa ɗaya a kofi, ba ta ko ɗago kai. Allah Sarki! Hannun da ke ɗaure wa 'yarsu takalmi da safe, ga shi yana aiki ko rawa babu. Ƙirjinsa ya cika har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Maigida, kallo ka zo ko aiki? Miƙo na ashirin."

"Ranki ya daɗe, karatu nake ɗauka."

"Da ka ɗauki na rufe raga."

Manaja ya shigo yana duba agogo. Ta tura masa kofuna uku. Na karfasar gona ya cika har baki, na kogi ya kai rabi, na ruwa-biyun kuwa ko gindin kofi bai rufe ba.

"Tsutsar ta saba da jinin kifinmu na gona, yallaɓai, duk kusan 'yan gida ɗaya ne. Waɗannan ta kasa gane kansu."

"Wato sakacin mijinki ya fi irina?"

"Ban ce ba. 'Ya'yansu na iya lalacewa. Ka ba ni su shekara guda in gani."

Manaja ya kafa ido a madubin, ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago, sai ya harari mai gadin.

"Kai kuma me kake jira? Ruga ka ce su kashe injin janye ruwan!"

Ya zura a guje, takalminsa ɗaya ya maƙale a taɓo, bai waiwaya ba.