Sallamar Akeem

"Kai ka turo masa mutumin nan, Nwabueze. Kai ka kitsa komai, kuma yau sai ka faɗa da bakinka a gaban mutanen layin nan."

Hajiya Silifat ba ta yi sallama ba. Ta tsaya a bakin shagon kayan lantarkin da ke cikin kasuwar Sabon Gari, ta ci ɗamara da gyalenta, tana haki, don tun daga Fagge a ƙafa ta tako. Da gangan ta ƙi hawa adaidaita, kada fushin ya huce mata a hanya.

Nwabueze ya ajiye kofin shayinsa ya miƙe. Dattijo ne haifaffen Kano, yana jin Hausa kamar jakin Kano. Ya ce, "Iya Akeem, ina kwana? Shigo daga ciki mana." Ta ce ba ta kwana ba, ciki kuma ba za ta shiga ba, abin da aka ƙulla a ɗaka a waje za a kwance shi.

Kusan shekara bakwai ke nan da ta riƙo hannun autanta Akeem ta kawo shi shagon nan. Babu takarda, babu sa hannu, ita da biro ba su taɓa haɗa hanya ba. Goro ta kawo da katan ɗin lemo, aka yi magana irin ta manya: yaro zai yi hidima, a riƙa ba shi na abinci da na mota, in shekara bakwai ta cika maigida ya sallame shi, wato ya kama masa shago, ya zuba masa kaya, ya haɗa shi da manyan dilolin Legas da Anacha. Haka ake yi a layin tun kafin a haifi Akeem. Ita kuwa ta koma kan tukunyar amalarta a Bata, hayaƙi na cin idonta, duk wanda ya zauna cin abinci sai ta gaya masa ɗanta ya kusa zama mai shago.

Ana saura watanni a yi sallama, sai ga Akeem ya shigo gida da riga mai tambarin kamfani. Wai ya samu aikin haɗa sola a Titin Ibrahim Taiwo, albashi duk wata ta banki. Bai gama sanin sunayen abokan aikinsa ba ya tsallaka wani kamfanin da ya ɗora masa wani abu a kai. Yanzu kuma tana jiyo shi a soro yana waya da na uku, yana cinikin kansa kamar mai sayar da ragon layya: a'a, ba zai zo a haka ba, a ƙara. Duk sa'anninsa haka suke, ta sani. Amma su ba su bar komai a baya ba. Wanda ya fita da ƙafarsa kafin lokaci ba shi da sallama, wannan ma dokar layi ce.

Ta bi diddigi. Wanda ya kai Akeem kamfanin farko sunansa Sylvester, kuma cocinsu ɗaya da Nwabueze. Wata mai sayen abincinta ta rantse ta ga Sylvester da Nwabueze su biyu a bayan mota suna magana ƙasa-ƙasa, ana gobe Akeem zai bar shago. Biri ya yi kama da mutum.

Duk wannan ta zazzage masa, muryarta na kaiwa ƙarshen layi. Nwabueze bai musa sanin Sylvester ba. Ya dai fara zancen yaran yanzu, wai kafin su tambayi mene ne aikin sai su tambayi nawa ne albashin, wai babu mai haƙurin jiran itace ya yi 'ya'ya.

"Kada ka kawo min yaran yanzu," in ji ta. "Nawa ɗaya ne, kuma a hannunka na sa shi."

Ta lura ba ya kallon idonta. Ta lura da zufar da ta jiƙa wuyan rigarsa da sanyin safiyar nan, da babban yatsansa da ke ta motsi a kan waya. Ta tambaye shi ko 'yan sanda yake kira mata. Ya ce ɗanta yake kira.

Kafin Akeem ya iso, maƙwabtan shago sun fito sun jingina da ƙofofinsu, kowa na yin kamar jiran mai saye yake. Akeem ya sauka daga babur, ya fara rusunawa ya gaida maigidan nasa kafin ya juyo gare ta. Wannan ma ta ajiye shi a ranta. Ya ce don Allah su je gida, a can za su yi magana. Ta ce a nan aka cuce shi, a nan za a yi ta.

"Ba wanda ya cuce ni, Iya. Abin da nake ɗauka a wata ɗaya yanzu, a nan ko a mafarki ban gan shi ba. Buhun shinkafar da ke ɗakinki daga ina ya fito?"

"Shinkafa cinyewa ake yi, ɗan nan. Albashi famfon wani ne, ranar da ya ga dama ya rufe. Yau kana nan, gobe kana can, kamar kazar da ba ta da akurki. Shago fa? Shago naka ne."

Akeem ya ɗaga ido ya dubi Nwabueze, shi ma ya dube shi, kallo ɗan gajere irin na mutanen da suka san abu ɗaya. Ashe ba yaudarar yaron aka yi ba, da shi aka haɗa baki. Ta tambaye su ko an danƙa masa wani ɗan abu ne a bayan idonta, ya sayar da shekarunsa a kan kuɗin waya da takalmi.

Ta manta da cewar da ta yi ba za ta shiga ba, ta kutsa cikin shagon. Kwalayen fanka da na injin ruwa ne jere tun daga ƙasa har rufi, bango uku. Ta ce rabin bango ɗaya ya isa a tsayar da marayan nan da ƙafarsa, amma don baƙin rowa an zaɓi a kore shi da dabara. Akeem ya ce "Iya, tsaya," daidai lokacin da ta ɗaga hannun nan da ya saba sauke tukunyar mutum hamsin, ta maka wa kwali ɗaya duka.

Kwalin ya lotsa. Jerin ya yi tangal-tangal, ya rufto, na bayansa ya biyo shi, suka watsu har tsakiyar hanya. Ba a ji ƙarar ƙarfe ba, ba a ji fashewar komai ba. Wani mai baro da ya zo wucewa ya sa ƙafa ya ture wani ƙaton kwali gefe, ya tafi suu kamar ganye.

Nwabueze ya zauna a hankali, ya dafe gwiwoyinsa.

Akeem ya durƙusa ya fara tattarawa. Ta ga yadda yake juya kowane kwali hoton fanka ya kalli waje, yadda yake shafa bakin da aka liƙe da salatif ya kwanta, da sauri, ba tare da ya duba ba. Hannun da ya daɗe yana wannan aiki ne. Kansa a ƙasa ya gaya mata, da muryar da ita kaɗai za ta ji, cewa tun da dala ta tashi jari ya karye, kayan gaskiya su ne 'yan waɗanda ke kan teburin shagon. Oga Nwabueze ne ya roƙi Sylvester ya nema masa aiki, ya ce kada ya tsufa yana jiran abin da babu. Shi Akeem kuma ya yi alkawarin rufa masa asiri.

"Kwalayen nan diloli ke gani su ba shi kaya ya sayar ya biya, Iya. Yanzu kowa ya gani."

Ta waiwaya. Mai shagon da ke fuskantarsu ya riga ya kara waya a kunne, idonsa na kan kwalayen, ya juya baya yana magana.

Hajiya Silifat ta sunkuya ta ɗauki ɗaya. Ba shi da nauyin ko faranti. Ta daɗe riƙe da shi, sannan ta ajiye shi a gaban Nwabueze.

"To ashe gaskiyata, kai ka turo shi," ta ce, muryarta ta sauka amma ba ta yi laushi ba. "Na ji babu. Babu ba zunubi ba ce. Amma ka san babu tun bara waccan, ina aiko maka da naman sallah kana karɓa, ina tambayarka kana ce min saura ƙiris, Iya, saura ƙiris. Ni na kawo maka shi, ni ya kamata ka kira. Tashi mu je wurin shugaban layi. Shekara shida ɗana ya ba ka, ka faɗa min a gabansa wa zai biya su."